Ina ake cin abinci kusa da tashoshin sabon jirgin ƙasan Legas? Bayanan 'yan kasuwar Gombe

Mai shagon waya, Tsohuwar Kasuwa:
Assalamu alaikum. Yarana biyu za su sauka Legas sarin kaya, masaukinsu Agege, sayayyarsu Ikeja da kasuwar Balogun, kuma da jirgi za su riƙa zirga-zirga. Don Allah waɗanda suka san hanyar su faɗa mana inda ake samun abinci mai tsafta, na halal, kusa da kowace tasha.

Dillalin shanu, Kumo:
Wa alaikumus salam, Alhaji. A fara da layin kansa, don kada yaran su rikice. Jirgin cikin gari biyu ne. Jan layi, wanda a allunan tasha aka rubuta Red Line, ya fara ɗaukar fasinja ranar 15 ga Oktoban 2024, kilomita 27 ne, tasha takwas: Agbado, Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba, Oyingbo. Shuɗin layi kuma tun 4 ga Satumban 2023 yake aiki, daga Marina zuwa Mile 2. Ba sa haɗuwa tukuna. Da katin Cowry, wato katin biyan kuɗin sufuri na Legas, ake shiga, kuma ba a cin abinci a cikin jirgi. Wannan dokar ita ce ke tsara cikin mutum: ko ka ci kafin ka shiga, ko ka haƙura sai ka sauka.

Tunda Agege za su kwana, rabin matsalar ta kau. Hausawa sun daɗe a nan tun zamanin fataucin goro. Daga tasha su tambayi kowane mai shayi hanyar Zango. Da safe akwai koko da ƙosai, waina da miyar taushe, da ɗumame ga mai so. Tuwon rana yana sauka wajen ƙarfe ɗaya, na dare bayan magariba. Wanda ya je ƙarfe huɗu ragowar tukunya zai tarar, miyar kuka ta tsinke saboda an yi ta ƙara mata ruwa. Malmala biyu ta ishi mai aikin ɗaukar kaya, ɗaya da rabi ta ishi wanda zai tsaya a jirgi.

Nama kuwa Agege ba ta da na biyu a duk layin, saboda mayankar Oko-Oba na nan kusa, kuma yawancin mahautan namu ne. Balangun da aka ɗora da azahar yankan safiyar ranar ne. A duba abu biyu: kitsen ya zama fari ko ruwan ɗorawa mai haske, kuma idan mahauci ya yanka, cikin ya yi danshi. Wanda gefensa ya bushe ya yi baƙi, aka labta masa mai da ƙuli don ya yi sheƙi, kwanan jiya ne.

Mai sayar da wake, Tudun Hatsi:
Hamma ya faɗi gaskiya, amma kada yaran su je Legas su dawo ba su ci komai ba sai tuwo. Su gwada ewa agoyin da burodin Agege. Jan waken nan da suke kira oloyin ai daga Arewa muke loda musu shi. Ana dafa shi ne har ya yi luguf, a tuƙa shi, sai a zuba masa miyar manja da aka soya da busasshen barkono da albasa har ta yi duhu. Mata ne ke yawo da shi a tukwanen dalma tun sassafe, bakin tashar Agege da Mushin ba ka rasa su kafin ƙarfe tara.

Yadda ake saye: ludayi uku na wake, cokali ɗaya na miya, a ce a zuba miyar a gefe. In aka bar mai sayarwa ta zuba da kanta za ta mamaye waken da mai, ga yaji mai kai wa ƙwaƙwalwa. Miyar da ta ƙone tana ɗaci a maƙogwaro kuma tana sa ƙwarnafi, a ɗanɗana a bakin cokali kafin a biya. Burodin kuma ba yankakke ba ne. A matsa shi da yatsa: mai kyau yana da nauyi, yana lotsawa ya dawo, in ka yage shi yana jan zare. Wanda ya yi gumi a cikin leda, a bar shi.

Illarsa ɗaya, ƙishirwa. Wanda ya ci shi ya shiga jirgin safe a tsaye cikin cunkoso zai gane kurensa. Ya sha ruwa sosai, ya zaga, sannan ya shiga layin kati.

Mai gyaran waya, Jekadafari:
Ikeja tawa ce. Tashar na daf da kasuwar waya ta Computer Village, da ƙafa ake shiga. Shawara ta farko, Alhaji: su ci kafin su sayi kaya. Mai kwali biyu na waya a hannu ba ya zama a rumfar abinci hankali kwance, hannu ɗaya a miya, ido ɗaya a ƙarƙashin benci.

Cikin lungunan kasuwar akwai masu shinkafa da wake da taliya a manyan kuloli. Daga sha ɗaya zuwa biyu abincin na da zafi, bayan nan sai a hankali. Alamar wurin kirki ita ce layin yaran shago riƙe da kwanukan iyayen gidansu. Wanda ke son zama a sanyi ya caja waya, akwai rassan Chicken Republic da The Place a yankin Ikeja, farashi a rubuce, babu ciniki. Tsire na dare kuma, wurin da ake kira University of Suya na kan titin Allen, amma sai an hau ƙaramar bas, don an hana acaɓa a Ikeja tun Yunin 2022. In za su je, su tabbata sun san lokacin jirgin ƙarshe, ko su shirya komawa Agege a mota.

Abu biyu da ke kama baƙo. Ranar Alhamis kasuwannin Legas ba sa buɗewa sai ƙarfe goma saboda shara, masu abincin cikin kasuwa ma haka, don haka karin kumallon ranar a yi shi a masauki. Na biyu, su riƙe canji. Tura kuɗi ta waya yana maƙalewa a wurin da jama'a suka yi yawa, kuma mai abinci ba ta sakin ka sai ta ga saƙon shigar kuɗi.

Mai kayan mota, Bolari:
Oshodi wurin sauya mota ne, ba wurin zama a ci ba. Ayaba, gyaɗa, ruwa, a yi gaba. Mai zuwa Ladipo sayen kayan gyara nan zai sauka ya hau motar da ke tsayawa a tashar motar da ake kira Toyota. A cikin Ladipo yawancin masu abinci 'yan ƙabilar Ibo ne, tuwon rogo ko teba da miyar agushi ko ogbono. Girkinsu na da daɗi, kuma tambaya ba ta ɓata musu rai, sun saba da mu. A tambayi wane nama ne a miyar, ba wanda za a ɗora a sama kaɗai ba, domin da romon nama ake haɗa ta tun farko. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya nemi shinkafa da soyayyen kifi.

Daga tashar Mushin kuma Idi-Araba ba nisa, wajen asibitin koyarwa na jami'ar Legas. Unguwar Hausawa ce, da masallatai da masu tuwo da masu shayi. Wanda jinya ta kai shi can ba zai sha wahalar abinci ba.

Dillalin shanu, Kumo:
Ƙari kan maganar nama. Iju da Agbado ban ba da shawarar a tsaya neman abinci ba sai da ɗan gari. Babbar gonar aladu ta Oke-Aro tana wajen Agbado, saboda haka naman na yawo a wasu rumfunan yankin. Elede Yarabawa suke ce masa. Duk wurin da ka ga akwatunan giya jibge a ƙofa da tukunyar farfesu, wuce.

Tsohon direban babbar mota, Pantami:
Ku yara kun tsallake wurin da ya fi kowanne. Yaba. Kasuwar Tejuosho na bakin tasha, kuma a Sabo akwai tsohon gidan amala da ake kira White House, ƙaramar tafiya ce a mota. Ba shi kaɗai ba ne, amma tsarin duk irin waɗannan gidaje ɗaya ne, kuma rashin sanin tsarin ke sa baƙo ya biya kuɗin mutum biyu.

Ka wanke hannu, ka ɗauki kwano, ka bi layi. Wurin farko ka faɗi yawan amala, biyu ko uku, don malmalarsu ƙanana ce. Wuri na biyu miya. Ka ce abula, za a haɗa maka uku: ewedu, wato lalo, da gbegiri, miyar wake ce da aka tace, sai jar miya a sama. Jar miyar ce mai attaruhu, ka ce a sa kaɗan, in ba haka ba hawaye da majina za su hana ka jin daɗin sauran. Wuri na uku nama, kuma nan ake kwasar mutane. Kowane yanka da kuɗinsa: naman akuya, tumbi, ganda, ƙafar sa, kifi. Ka nuna, ka tambayi kuɗi, sannan a saka. Yanka biyu na akuya kan fi amala uku da miyarsu tsada. In ya riga ya shiga miyarka ba a mayarwa.

Amala da zafinta ake ci. Daga garin busasshiyar doya ake tuƙa ta, tana hucewa take tauri ta yi wani ɗan tsami. Ka zaɓi gidan da kake jin ƙarar muciya daga ciki, ba wanda aka jera ƙulle-ƙulle a leda tun safe ba. Ganda kuma a shinshina. Wadda ta kumbura ta yi kauri fiye da kima ta daɗe a jiƙe, ba ta da ɗanɗano, wani lokacin har da wari.

Da yawa daga masu waɗannan gidaje Yarabawa Musulmi ne, za ka ji ana kiran mai wurin Alhaja. Duk da haka a tambaya.

Mai sayar da wake, Tudun Hatsi:
Baba, amala da rana tsaka ga yaron da zai ƙirga kuɗin kaya? Barci zai kwashe shi a shagon mutane. Ni dai a bar ta sai an gama sayayya.

Tsohon direban babbar mota, Pantami:
To ai shi ya sa na ce Yaba, ɗana. A hanyar dawowa take. Ya gama da Balogun, ya hau mota zuwa Yaba, ya ci wajen la'asar, ya yi salla, ya shiga jirgin yamma. Jan layi ya fi tashi safe da yamma, tsakar rana akwai tazara mai tsawo, don haka su karanta jadawalin da ke tasha tun da safe su ɗauki hotonsa. A ware wa cin abinci minti arba'in, a isa tasha da saura minti ashirin, saboda layin kati da binciken jaka.

Mai atamfa da leshi, Tudun Wada:
Bari in yi maganar shuɗin layi, musamman don mata masu zuwa sari. Daga Oyingbo mota ake hawa zuwa cikin tsibirin Legas, inda Balogun da Marina suke. Tashar Marina kuma tana amfanar wanda zai tafi Mile 2 ya kama motar kasuwar Trade Fair ko ta Alaba. Kilomita 13 ne, jirgin lantarki, kafin ka gyara zama an iso.

Cikin Balogun abinci ba ya wuya, wurin zama ne babu. Masu shinkafa na bi shago-shago, kuma mafi sauƙi ka ce wa mai shagon da kake saye a wurinsa ya kira maka wadda yake ci a hannunta, ya ba ka kujera. Ba ta zuba wa baƙon mai shago abin banza, don gobe ma tana son ciniki. Kusa da babban masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe akwai masu abinci da wurin alwala, nan ya fi dacewa a haɗa azahar da cin rana. Mai son shinkafa da wake da soyayyar ayaba a zaune ya nemi Ghana High a Onikan, amma ya je kafin ma'aikatan ofis su fito ƙarfe ɗaya.

Shinkafar ofada da ake naɗewa a ganye tana da wani wari na jiƙo wanda ba lalacewa ba ne, haka take. Koriyar miyarta kuwa ta fi jar yaji. A sayi kaɗan a gwada tukuna.

Tun Janairun 2024 gwamnatin Legas ta hana farin mazubin nan na soso, yanzu robar ɗaukar abinci da kuɗinta daban. Ƙaramar kula mai murfi a jaka ta fi, ga shi miya ba ta zubewa a kan kaya.

Ma'aikaciyar jinya, Tumfure:
Adda ta kawo maganar kula, ni kuma ruwa. A Yunin 2024 an yi ɓarkewar amai da gudawa a Legas, kuma jami'an lafiyar jihar sun ambaci wani kunun aya marar rajista cikin abubuwan da ake zargi. Saboda haka kunun aya, zoɓo da fura da aka ɗura a tsofaffin gorunan ruwa, a bar su, musamman da damina lokacin da kwatoci ke ambaliya. Ruwan leda ko na gora mai lambar NAFDAC kawai, a goge bakin ledar kafin a ciza. Haɗin kabeji mai mayonis da ya wuni a rana shi ne ya fi kwantar da matafiya, sai shinkafar da aka ɗumama sama-sama.

Kowa ya sa ƙullin gishiri da sukari na kemis guda uku a jaka. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gudawa kamar ruwan shinkafa, ko amai da ya ƙi tsayawa, asibiti kai tsaye, ana tafe ana kurɓar ruwan.

Mai gyaran waya, Jekadafari:
Na manta guzuri. In za su taho da kilishi daga gida, a naɗe shi a takarda, kada a ɗaure a leda, danshin Legas na sa shi fumfuna cikin 'yan kwanaki. Dambun nama da ƙuli-ƙuli da dabino sun fi jurewa. Jirgin farko na tashi ne kafin yawancin masu koko su gama damu, don haka ranar da za su yi sammako su sayi burodi tun dare, su tsaya wurin mai shayi bayan sallar asuba.