Don Allah me za mu kira kiredit kad da kashbak da Hausa? Gobe da safe zan shiga situdiyo

Mai_Shiri:
Salam jama'a, masu harshe ku kawo ɗauki don Allah. Gobe ƙarfe 8 na safe zan naɗi shiri kuma har yanzu ina maƙale. Muhawara ce aka ba ni in mayar Hausa, mutum biyu ne, ɗaya ya ce shi komai da kiredit kad yake saya saboda ɗan abin da banki ke mayar masa kuma duk wata yana biyan kuɗin kaf ba ya barin ko sisi, ɗayar kuma ta ce tun ranar da ta fita daga bashi ta sa almakashi ta datse nata kuma ba ta son ko jin sunansa. Abin da nake nema shi ne sunan katin kansa, sai riwod da kashbak, wato maki ko ɗan kuɗin da banki ke ba mai kati in ya yi sayayya, sai wannan mafi ƙarancin kuɗin da suke cewa ka biya duk wata, sai kwanakin da ake ba mutum kafin a fara ɗora masa ruwa. Matsalata ba na son kalmar da za ta nuna na goyi bayan ɗayansu.

Abu_Hanan:
Katin bashi mana Anti, me ye abin wahala a nan. Kashbak kuma tukwici.

Gimbiya22:
Katin lamuni ya fi daɗin ji gaskiya. Bashi kamar zagi ne, mutum ya zaro kati a gaban jama'a a ce ga katin bashinsa?

Abu_Hanan:
To ai bashin ne. In kin yi masa kwalliya ma bashi ne.

Mai_Shiri:
Kun ga abin da nake gudu ko. Na ce katin bashi na ba wa matar gaskiya tun kafin ta buɗe baki, na ce katin lamuni na wanke wa mutumin kai.

Tsohon_Akanta:
Malama bari in ɗan fayyace yadda abin yake aiki sai ku masu nahawu ku zaɓa. Katin da yawancinmu muka sani na cirar kuɗi, kuɗinka ne a asusunka, in babu babu. Wannan kuwa banki ne ke biya wa mai kaya a madadinka har zuwa wata iyaka da ya yanka maka, ƙarshen wata ya turo maka lissafi. In ka biya duka kafin ranar da aka sa ba ruwa ko kaɗan, a Amurka ma dokar 2009 ta ce dole a aiko maka da takardar lissafin aƙalla kwana 21 kafin ranar biya. In ka bar saura to nan ne labari ya canza, ruwa ya hau, kuma a yawancin katunan sabuwar sayayyar da za ka yi ma daga ranar da ka yi ta ruwa zai fara bin ta, sassaucin ya tafi sai ka share komai. Saboda haka lamuni shi ne iyakar da aka yarje maka, bashi shi ne abin da ka riga ka ci daga ciki. Duka biyun suna cikin katin.

Malam_Nahawu:
Assalamu alaikum. Duk kun kauce. Da farko ku bambanta aro da rance da bashi. Aro abin da ka karɓa shi za ka mayar da kansa, rance madadinsa za ka mayar, bashi kuwa ya haɗa har da kayan da ka ɗauka ba ka biya ba. Lamuni tsaya wa mutum ne. Wanda ya dace shi ne rance. Na biyu, tukwici kuskure ne babba, tukwici wanda aka kawo wa kyauta ne yake ba ɗan aike, to a nan wa ya aiko wa? Ni na daɗe da ƙirƙiro wa kashbak kalma, ita ce KOMAYYA, daga koma, a kan awon sakayya da soyayya da jayayya. Kuɗi ya fita ya komo, komayya. Ki sa ta a shirin, a haka kalma ke shiga bakin mutane.

Abu_Hanan:
Allah ya gafarta Malam komayya kuma? Wallahi na ɗauka maganar zawarawa ce, an rabu an yi kome 😂

Malam_Nahawu:
Dariyarka ba hujja ba ce ɗana. Duk kalmar da kake amfani da ita yau akwai ranar da ta kasance baƙuwa a kunne.

Gimbiya22:
Amma Malam ai awon -ayya abu ne tsakanin mutum biyu, ina so kana so soyayya, ina ja kana ja jayayya. A komayya wa ke komawa wurin wa?

Malam_Nahawu:
Tsakanin banki da mai kati mana. Kuma sakayya da na kawo ai ɓangare ɗaya ne ke yin ta, ki duba da kyau.

Tsohon_Akanta:
A kan tukwici na yarda da Malam amma dalilina daban. Kuɗin nan ba daga aljihun banki yake fitowa don yana ƙaunarka ba. Duk sanda ka goga katin mai kanti yana biyan kamasho, a Amurka yakan kai kashi 2 cikin 100 ko sama da haka, daga ciki ake gutsuro maka naka. Mai kanti kuma ba wawa ba ne ya riga ya zuba shi cikin farashi, har wanda ya zo da tsabar kuɗi yana biya bai sani ba. Shaida ita ce Tarayyar Turai ta ƙayyade kason da bankin mai kati ke samu zuwa kashi 0.3 cikin 100 a 2015, shi ya sa katunan can ba sa rabon abin kirki kamar na Amurka. To duk kalmar da ke da ƙamshin kyauta, tukwici ne ko ihsani ko lada, yaudarar mai sauraro ce. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ummu_Sadiq:
Lada kam a cire ta gaba ɗaya don Allah. Ka ce wa mutum zai samu lada in ya ci bashi mai ruwa? A'a.

Abu_Hanan:
Sai dai ladan kuturu, wanda ya ci dole ya yi aski.

Mai_Shiri:
Lada ta fita tun ɗazu. Garaɓasa fa? Kamfanonin waya sun riga sun saba wa mutane da ita.

Gimbiya22:
Garaɓasa ta lokaci guda ce, a yi ta a gama. Ta dace da wanda suke bayarwa in ka buɗe sabon kati ka kashe kaza cikin wata uku. Amma na kullum ɗin nan ni gyara nake gani, ka saya a ɗan ƙara maka.

Tsohon_Akanta:
Gyara kaya ake ƙarawa, nan kuɗi ake mayarwa. Ya fi kusa da ragi, sai dai ragi ne da ke zuwa a makare.

Malam_Nahawu:
Kun ga wahalar da kuke sha saboda kun ƙi komayya. Kuma tun da ana gyara ni ban yarda da kalmar kati ba ma, aro ce daga Turanci, sai maki da na ga za ku kawo ita ma Turanci ce. Har yaushe harshe mai mutane miliyoyi zai riƙa bara? Ku 'yan rediyo ku ne kuka fi kowa ɓata Hausa, duk abin da ya zo bakinku sai ku saki.

Mai_Shiri:
Malam da girmanka, 'yan rediyon nan da kake raina wa su ne suke da minti biyar su fassara labari kafin a buɗe makirfo, ba mu da shekara uku ta zama a kwamiti.

Abu_Hanan:
Malam banki fa? Shi ma mu kore shi? Kuma ka rubuto mana wannan da waya ta intanet 😂

Malam_Nahawu:
Na yi shekaru ina koyar da wannan harshe tun kafin wasunku su iya rubuta sunansu. Ba zan yi jayayya da yaro ba.

Gimbiya22:
Ba wanda ya raina iliminka Malam amma ƙamusun Bargery da kake yawan tura mu gare shi a 1934 aka buga shi, katin farko irin wannan na Diners Club sai 1950 ya fito, wanda ya zama Visa kuma 1958 aka fara shi da sunan BankAmericard. Dole dai ko mu ara ko mu ƙera, kuma in mun ƙera sai mutane sun karɓa. Lamuni da riba ma ai daga Larabci suka shigo ba wanda ya ce su koma gida.

Malam_Nahawu:
Larabci daban.

Gimbiya22:
Ta ina?

Ummu_Sadiq:
Jama'a baiwar Allah nan tana da aiki gobe fa. Tun da an ambaci riba, Malama ki kiyaye da ita, a rubuce riba ta ciniki da riba ta haram iri ɗaya ne, a baki ne ake jan ɗaya ba a jan ɗaya, mai karanta miki yana iya yin tuntuɓe ya ce mutumin yana cin riba da katinsa ma'ana ta juye. Ki tsaya a kan kuɗin ruwa kawai kowa ya gane.

Mai_Shiri:
Na gode Yaya, wannan kam na rubuta. Saura mafi ƙarancin biya ɗin nan, ya yi tsawo a baki kuma sau bakwai ya fito a rubutun.

Tsohon_Akanta:
Kafin a sa masa suna ku ga abin da yake yi. A ce ka yi sayayyar dala 1,000 da kati mai mayar da kashi 2, ka samu dala 20 kana murna. A ce ruwan katin kashi 24 ne a shekara, kuma a Amurka sama da kashi 20 ba abin mamaki ba ne a 'yan shekarun nan, wato kashi 2 kenan a wata. Wata ɗaya tak ka bar kuɗin ba ka biya ba dala 20 ɗin ta koma inda ta fito. Sai takarda ta zo ta ce ba komai biya dala 30 kawai ya wadatar, 20 ruwa ne, 10 ce kaɗai ta taɓa uwar kuɗin, wata mai zuwa ana bin ka 990. Ni kaina na taɓa zama a wannan ramin kusan shekara biyu, ina duba makin da na tara a waya ina jin daɗi alhali ruwan da nake biya duk wata ya ninka shi, kuma aikina kenan fa lissafi, abin kunya. Mutumin da ke cikin muhawararki gaskiya yake faɗa in har bai taɓa tsallake wata ba, matar ma gaskiya take faɗa don ta san ranar da albashi zai makara ko ciwo ya faɗo tana zuwa.

Abu_Hanan:
To ai sunansa ya fito, biyan talala. Talala mai kamar sake, an ƙyale ka kana yawo amma igiya na ƙafarka.

Gimbiya22:
Kai wannan ya zauna wallahi!

Mai_Shiri:
Ya zauna amma sharhi ne ba fassara ba, edita zai soke shi. Sai dai in sa shi a bakin matar inda take kushe katin, can ya dace da ita.

Malam_Nahawu:
Talala Hausa ce tsantsa, ban da ja a kanta. Ga mai neman na tsaka-tsaki a ce ƙaramin biya, ko biyan dole. Kwanakin kuma wa'adin sassauci.

Ummu_Sadiq:
Biyan dole zai rikitar, ai duka bashin dole ne. Ƙaramin biya ya fi.

Sabon_Shiga:
Slm don Allah wane kati ne ya fi bada kashbak kuma ya ake nema

Abu_Hanan:
Ɗan'uwa ka hau sama ka karanta lissafin Baba Akanta tukuna.

Mai_Shiri:
To dare ya yi ga inda na tsaya. Katin bashi zan ce, don shi ne wanda ko ba a yi bayani ba an gane, amma a farkon shiri zan faɗi sau ɗaya cewa wasu na ce masa katin lamuni, iyakar da banki ya yanka kuma ita zan kira lamuni kamar yadda Baba Akanta ya raba. Kuɗin ruwa, ƙaramin biya, wa'adin sassauci, maki, garaɓasar sabon kati. Kashbak ne dai har yanzu bai kwanta min ba, zan ce kason da ake mayar wa mai kati a karon farko daga nan in ci gaba da kashbak ɗin.

Gimbiya22:
Ni dai har gobe lamuni. Kin ba matar nasara tun daga take.

Malam_Nahawu:
Kalma bakwai a inda ɗaya ta isa, sannan a koma wa Turanci. Shi ke nan, shirinki ne. Amma ko sau ɗaya ki ce wanda wasu masana ke kira komayya, ba zai ci miki daƙiƙa uku ba.

Abu_Hanan:
Wasu masana su nawa ne Malam?

Mai_Shiri:
Zan gani in lokaci ya ragu Malam, ban yi alkawari ba. Sai da safenku.

Malam_Nahawu:
A wace tasha ce kuma ƙarfe nawa za a sa? Zan saurara.