Na je taron 'yan kito na dawo kaina a ɗaure, wa zan bi?

Maman Ihsan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon bayanin. Wata takwas ke nan ina kan tsarin kito, wato rage sitaci sosai a yawaita maiƙo a abinci, sitacin da nake ci a rana ba ya wuce giram 30. Alhamdulillahi na sauke kilo 11, ciwon gwiwar ma ya yi sauƙi. Sai dai gwajin jinin da na yi watan jiya ya tayar min da hankali: LDL ɗina, wato kolestarol ɗin da ake kira mugu a cikin maiƙon jini, ya tashi daga 128 zuwa 243. Likita ta ce ko dai in sauya cima, ko in fara shan statin, maganin rage kolestarol.

Ana cikin haka na halarci wani taron lafiya na kwana biyu da masu wannan tsari suka shirya, da niyyar in samo amsa. Mai jawabin safe ya ce tsoron kolestarol tsohon yayi ne, in dai HDL (kolestarol mai kyau) yana sama, tiraigilisaraid (wani maiƙon jini) yana ƙasa, a ci man shanu a yi barci da munshari. Da rana wata likitar zuciya ta hau ta ce duk wanda LDL ɗinsa ya kai 190 kada ya yi wasa. Tafin da aka yi wa na farko ya ninka nata sau uku. Washegari wani ya ce ganye ma cuta ne, nama zalla za a ci, wani kuma ya ce a ƙara gishiri. A bakin ƙofa kuwa tebura ne jere, ana sayar da garin kiton (sinadarin da jiki ke yi daga maiƙo in an rage sitaci) da na'urar gwaji.

To wa zan bi? Ga maigidana kuma, mai ciwon suga ne, da ya ga yadda ƙibata ta zube ya ce shi ma ranar Litinin zai fara.

Abu Sadik:
Wa alaikumus salam Hajiya. Shekarata huɗu a kai, kuma jiki magayi, ban taɓa jin ƙarfi irin na yanzu ba. Abin da ya same ki sananne ne a cikinmu. Wani injiniya ɗan Amurka, Dave Feldman, ya lura akwai rukunin mutane marasa ƙiba da in sun bar sitaci LDL ɗinsu kan haura 200, HDL ya kai 80, tiraigilisaraid ya sauka ƙasa da 70. Bayaninsa shi ne jiki na jigilar maiƙo ne don ya ƙona, shi ya sa. Kuma ki tuna Farfesa Tim Noakes na Afirka ta Kudu, hukumar likitocin ƙasarsu ta gurfanar da shi kan wannan tsari, aka wanke shi a 2017, aka ɗaukaka ƙara aka sake wanke shi a 2018. Ni dai na ce kada ki bari a firgita ki.

Anti Ladi, tsohuwar nas:
Ƙanwata, ajiye zancen kolestarol tukuna, maganar maigidanki ce ta gaggawa. Wane magani yake sha? In insulin ne, ko irin su glibenclamide, ya yanke sitaci rana ɗaya ba a rage masa maganin ba, sugansa zai iya faɗuwa warwas har ya suma. In kuma yana shan waɗanda ke fitar da suga ta fitsari, wato su dapagliflozin da empagliflozin, haɗarin ya fi haka: kiton kan taru jini ya yi tsami, alhali na'urar gwajin suga tana nuna komai lafiya. Tun 2015 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan wannan illa ta magungunan. Duba kwalin ki faɗa mana sunan.

Ban ce rage sitaci ba ya yi wa mai suga amfani ba. Ƙungiyar masu kula da ciwon suga ta Amurka da kanta ta amince a 2019 cewa yana cikin hanyoyin da suka fi hujja wajen daidaita suga. Amma da sanin wanda ya rubuta maganin ake yi.

Malam Sabo:
Abu Sadik, da girmamawa, shari'ar Noakes ba a kan LDL aka yi ta ba. Tuhumarsa aka yi da saɓa ƙa'idar aiki saboda amsar da ya ba wata mai shayarwa a Twitter a 2014 game da abincin yaye. Wanke shi ya nuna bai yi laifin aiki ba, bai nuna 243 lafiya ba ce. Sannan jiki magayi ne a kan ciwon gwiwa, amma jijiya ba ta magana in maiƙo na taruwa a bangonta. Shekaru take yi shiru, ran da za ta yi magana kuwa asibiti ne.

Hajiya, abin da ya ɗaure miki kai shi ne an jera miki abubuwa masu nauyi daban-daban a dandamali ɗaya, kowa da minti arba'in ɗinsa, sai suka yi kama da tsara. Cewa LDL na haddasa toshewar jijiyoyin zuciya ya tsaya ne kan hujjoji iri uku da suka haɗu: bin diddigin jama'a na shekaru, nazarin masu gadon ƙwayar halittar da ke ɗaga shi ko sauke shi tun haihuwa, da gwajin magungunan da suka rage shi ciwon zuciya ya ragu. Ƙungiyar masana wannan fanni ta Turai ta tattara su a 2017. Maganar Feldman kuwa hasashe ne da ake kan bincikawa. Yana iya zama da ƙanshin gaskiya, amma ba wanda ya riga ya nuna cewa mutanen wannan rukuni sun tsira. Ke ce za ki zama abin gwajin?

Shi kansa tsarin ai ba don rage ƙiba aka ƙirƙiro shi ba. Dakta Russell Wilder na asibitin Mayo ne ya raɗa masa suna a 1921, don maganin farfaɗiya, kuma har gobe yana yi wa yara da yawa aiki, ƙarƙashin kulawar asibiti. A ɓangaren ƙiba, jami'ar Stanford ta bi mutum 609 tsawon shekara guda, aka buga a 2018: masu rage sitaci sun sauke kimanin kilo 6, masu rage maiƙo kilo 5.3. Kusan kunnen doki. Wannan ba ya yawan fitowa a allon irin tarukan nan, don ba ya sa a yi tafi.

Ba na kushe taro, ni ma nakan saurara, kuma akwai masana na gaske a ciki. Amma waɗanda suka cika zauren su ne waɗanda abin ya karɓa. Wanda ya yi wata biyu ya sha wuya ya bari ba zai sayi tikiti ba. Ki kuma duba ko mai jawabin yana da tebur a bakin ƙofa.

Ummu Yasir:
Ni ma nawa ya tashi, ko da yake bai kai naki ba. Ban bar kito ba, man na sauya. Na daina zuba man shanu da man kwakwa a kofi, na rage kitsen nama, na koma man zaitun, kifi, gyaɗa da ganye mai yawa. Bayan wata biyu na sake gwaji ya sauko sosai. Mutane na ɗauka kito da man shanu Hassan da Hussaini ne, alhali rage sitaci ne ke kawo kiton, ba irin man ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi kitse mai daskarewa kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin da ake samu a abinci.

Garin kiton ɗin nan kuma ki bar musu kayansu, hantarki na yin nata kyauta.

Abu Sadik:
Na karɓi gyara kan Noakes, Malam. Amma ai ko a cikinmu an san ƙara ɗan sitaci na sauke shi. Nick Norwitz, mai bincike da ke kan kito, ya ci biskit ɗin Oreo 12 kullum na kwana 16, LDL ɗinsa ya faɗo daga 384 zuwa 111. Wannan bai nuna maganar Feldman na kan hanya ba?

Malam Sabo:
Ya nuna dalilin tashin a jikin mutum ɗaya. Bai nuna tashin ba shi da illa ba, tambayoyi biyu ne daban. Amma ka kawo abin amfani: ga wasu, musamman waɗanda suka riga suka sauke ƙiba, ɗan ƙarin sitaci kamar wake ko dankali kan isa. Hajiya, akwai mai ciwon zuciya a danginku? Kuma yaya hawan jininki, tunda an ce ki ƙara gishiri? Masu kito na ƙarawa ne saboda ƙoda kan zubar da gishiri a makonnin farko, shi ke kawo ciwon kai da kasalar nan. Ke kin wuce wannan mataki tuni.

Maman Ihsan:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malam, mahaifinmu ciwon zuciya ne ajalinsa yana da shekara 54, yayana kuma yana shan statin. Jinina lafiya lau. Anti, na duba kwalin, metformin ne da dapagliflozin.

Anti Ladi, tsohuwar nas:
Allah ya ji ƙan Baba. To ƙanwata, ba Litinin ba, maigida kada ya taɓa wannan tsari sai ya zauna da likitansa, ki raka shi da kwalayen a hannu. Metformin ba shi ne abin tsoro ba, ɗayan ne.

Ke kuma, kin faɗa wa likitarki maganar Baba da yayanki? In ba ki faɗa ba ki koma, don wannan ya sauya lissafi. Akwai hauhawar kolestarol ta gado da ke samun kusan mutum 1 cikin 250. Tunda naki 128 ne a da, ya fi kama da aikin abinci, amma ita za ta tantance. Ki roƙe ta gwajin ApoB da na Lp(a), wato ƙarin gwajin maiƙon jini, da na thyroid (halittar wuya da ke kawo maƙoƙo), don in aikinsa ya yi sanyi shi ma yana ɗaga LDL. Ki bi hanyar Ummu Yasir na mako shida zuwa takwas ki sake gwaji. In ya ƙi saukowa, da tarihin gidanku, ni a wurina ba abin ja-in-ja ba ne, ki karɓi maganin.

Maman Ihsan:
Wallahi ban faɗa mata ba, ba ta tambaya ba ni kuma ban kawo a raina ba. Na kira an ba mu ranar Alhamis, ni da shi. Ummu Yasir, don Allah man zaitun ɗin a girki kike sawa ko ɗanye kike zubawa?