Kuɗin bankunan raya ƙasa: a ina suke maƙalewa kafin su iso hannun ƙaramin mai sana'a?

Ɗan Kura:
Assalamu alaikum. Kullum sai a ji a rediyo Bankin Duniya ko Bankin Raya Afirka ya ware maƙudan kuɗi domin manoma da ƙananan masana'antu. Amma mai injin casar shinkafa a Kura, ko matar da ke turara shanshera a cikin gida, ko sisi ba su gani ba. Ta wace hanya kuɗin ke bi, kuma me mutum zai tanada ya samu? Masana a taimaka.

Tsohon Akawu:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu na farko, ba kowane bankin raya ƙasa ke da kanta da za ka je ka cike fom ba. DBN, wato Bankin Raya Nijeriya, wanda ya samu lasisi a 2017 da tallafin Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka da takwarorinsu na Jamus da Faransa, ɗan sari ne. Shi yake bai wa bankunan kasuwanci da ƙananan bankuna kuɗi, su kuma su ba ka rance. Wa'adin biya kan kai shekara 10, da sararawa har wata 18 kafin a fara biyan uwar kuɗi. Wannan shi ne amfaninsa, domin injin casa ba ya mayar da kuɗinsa cikin wata shida.

Inda gizo ke saƙa shi ne, idan ka gaza biya, bankin da ya miƙa maka ne zai ɗauki asarar. Don haka da ma'auninsa na kullum zai auna ka: rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni), lambar haraji, BVN, bayanan asusu na wata shida zuwa shekara, sai jingina. Mai casa yana iya juya miliyoyi a mako, amma duk tsabar kuɗi ne hannu da hannu, lissafin kuma yana cikin kansa. A idon banki wannan mutum ba shi da ciniki. Maganin ba wuya: a buɗe asusu da sunan sana'ar, kowane ciniki ya bi ta ciki, a raba shi da cefanen gida, a riƙa rubuta buhu nawa ya shiga, nawa ya fita, dizal da leburori nawa suka ci.

Kuma kar a ɗauka kuɗin DBN na da arha dole. Bankin da ke tsakiya shi ke yanka kuɗin ruwa. A ƙarshen 2024 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Banki ya kai kashi 27.5. Rancen naira miliyan 10 a kan kashi 30, miliyan 3 ke nan a shekara. A kan kashi 9 kuwa dubu 900. Wanda zai sayi inji, ya fara gwada Bankin Masana'antu, BOI, wanda ke ba da rance kai tsaye, kuma yawanci mai sayar da injin yake biya, ba ya damƙa maka kuɗin.

'Yar Zariya:
Malam ya gama magana, sai dai batun jingina ya fi cin mata. Banki ya fi son takardar mallakar fili mai sa hannun gwamnati, kuma bisa dokar filaye ta 1978 sai da amincewar gwamna ake jinginar da ita. Gonar gado da ba a raba ba, ko takardar mai unguwa, ba sa shiga. Mata nawa ne ke da irin waccan takarda da sunansu? Abin da mutane ba su sani ba, tun 2017 akwai dokar da ta halatta jinginar da kadara mai motsi, inji ko shanu ko kaya a sito, kuma Babban Banki na da rajistar da ake shigar da su. Sai dai a ajiye rasit mai ɗauke da lambar injin. Mata masu turara kuwa, ƙungiya mai rajista da littafin adashi na shekara guda ta fi musu sauƙin shiga ƙaramin banki fiye da kowacce ta je ita kaɗai.

Sannan da yawa ba hana su aka yi ba, kuɗin ruwa suke gudu, kuma suna da hujja. Su tambayi bankunan da ba sa karɓar kuɗin ruwa, irin su Jaiz ko TAJ ko Lotus, tsarin murabaha: banki ya sayi injin, ya sayar maka da ribar da aka yanke tun farko, ka biya kashi-kashi.

Malamin Gona:
Ɗan Kura, wani kuɗin ai ya iso, ba a aljihu ba ne kawai. Gyaran magudanan ruwan Kadawa da ke shan ruwa daga dam ɗin Tiga, shirin TRIMING ne na Bankin Duniya, wanda ya taɓa Haɗejia da Bakolori ma. Idan ruwa ya kai gonar ƙarshen layi, mai kadada ɗaya ya yi rani, mai casa ya samu shanshera, ɗan dako ya samu lodi. A ganina wannan ya fi rance isa ga talaka, muddin ƙungiyar masu shan ruwa na karɓar kuɗin gyara tana yashe magudana. In aka bari, kachalla da yashi su toshe su, na bakin ruwa su sha, na ƙarshe su bushe.

Rancen noma kuma lokaci ne ke kashe shi. Shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015 ya nuna haka: inda taki da iri suka zo bayan shuka ta wuce, amfani ya ragu, ga wasu sun ɗauke shi rabon gwamnati suka ƙi biya. Mai neman rancen damina ya shigar da takardunsa tun watan Fabrairu ko Maris, kuma ya tsaya a rubuta cewa biya sai bayan girbi da wata biyu ko uku. In aka ɗora wa'adin a kan kaka, dole ya sayar lokacin da buhu ya fi faɗuwa.