Silash (alamar /) cikin lambar ɗalibi ya hana ni barci, wa ya taɓa shiga wanga hali?

Ɗan Jega:
Salam jama'a. Wata makaranta nan Birnin Kebbi nike yi ma manhajar duba sakamako, lambar ɗalibansu irin SS2/24/117 ce, ita na sa ta zama ID, wato lambar gane takardar kowane ɗalibi, a rumbun bayanai na CouchDB. A laftof ɗina lafiya lau, in na maida silash ɗin %2F (yadda ake rubuta shi cikin adireshin intanet) sai sakamako ya fito, amma da na ɗora kan saba (kwamfutar da ke riƙe da manhajar a intanet) sai 404 kawai, wato ba a samu ba, alhali yaron na nan cikin rumbun na gan shi da idona. Firinsifal har ya fara yi min kallon wanda ya ci kuɗi.

Yar Gusau:
Apache ne a gaba ko, wato manhajar saba da ke karɓar saƙo ta miƙa ma rumbun? Ni kwana biyu ya ci min bara. Shi da ya ga %2F cikin hanyar adireshi da kanshi yake bada 404, saƙon ko isa rumbun bai yi, kai kana can kana zargin CouchDB bawan Allah. Sa AllowEncodedSlashes NoDecode cikin sashen VirtualHost na saitin Apache, kar ka ɓata lokaci da fayil ɗin .htaccess ba ya aiki can, sannan ka ƙara nocanon a ƙarshen layin ProxyPass.

Baban Khadija:
Mu nginx, takwaran Apache, munka yi fama da shi, lambobin fayil na wani asibiti wajen Argungu. Abin haushi silash guda ne tal. Na rubuta proxy_pass http://127.0.0.1:5984/ da silash a wutsiya, ashe in akwai shi nginx sai ya warware %2F ya koma / kafin ya miƙa, CouchDB kuma ya ɗauka kashin farko ne ID, sauran sunan fayil ɗin da anka liƙa ma takardar ne. Na goge shi, shi ke nan. Man janareto na dubu nawa na ƙona a kan wannan, Allah kaɗai ya sani.

Na Kaura:
Ku duba kod ɗin manhajarku ma dai, ba kullum saba ke da laifi ba. A JavaScript, encodeURI ba ya taɓa silash, encodeURIComponent ne ke maida shi. Python ma quote barin shi yake sai ka ce safe=''. Ni kuma garin gyara sai na yi sau biyu, % ta koma %25, na wayi gari da %252F, na zauna ina kallon allo kamar an aiko min da laya.

Baban Khadija:
Hhh %252F ai kowa sai ya sha ta.

Malam Yauri:
Ni fa na daina wanga faɗa tuni. ID ɗin nike barin rumbu ya ƙirƙiro nashi, lambar makaranta in aje ta fili daban, in neme ta da _find, hanyar bincike ta CouchDB, ta POST, inda lambar ke tafiya cikin jikin saƙo, ba ruwan adireshi da ita. Gobe in sunka canza tsarin lamba ma ba ka da asara.

Ɗan Jega:
Yar Gusau Allah ya saka da alheri, Apache ne. NoDecode kaɗai bai yi ba sai da na ƙara nocanon. Malam shawararka sai an yi hutu, ɗalibi 600 sun riga sun shiga da tsohon ID.