Haruffa masu ƙugiya sun ƙi zama daidai a shafin kwastoma, a ba ni shawara

Rukayya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah a taimaka mini. Ina haɗa wa wata makarantar Islamiyya shafin intanet, duka da Hausa. A kwamfutata ban lura da komai ba, amma shugaban makarantar ya turo mini hoton allon wayarsa, ɗ da ɓ sun fito sirara daban da sauran haruffa, a tsohuwar wayar wani malami kuma akwati ne kawai a wurinsu. Ƙ ce kaɗai ta zauna daidai. Wane salon haruffa kuke amfani da shi? Jibi za su nuna wa iyayen yara.

Nura: Wa alaikumus salam. Noto Sans, ki huta.

Sadik: Ko Andika na ƙungiyar SIL, tunda na yara ne. Don masu koyon karatu aka yi shi.

Malam Habu: Rukayya, kafin ki canja komai ki fara gane irin ciwon, don iri uku ne kuma maganinsu ba ɗaya ba. Idan akwati kika gani, ko harafin ya fito da siffa daban da 'yan'uwansa, to salon haruffan ne ba shi da shi, sai burauza ta aro daga cikin waya, in ba ta samu ba ta sa akwati. Naki ke nan, kuma shi ne mai sauƙi. Abin da ya sa ƙ ta tsira shi ne a Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa, ba wuri ɗaya suke ba. Ƙ babba da ƙarama, da manyan Ɓ da Ɗ, suna rukunin Latin Extended-B, su kuwa ƙananan ɓ da ɗ suna can IPA Extensions, U+0253 da U+0257, kuma masu zana haruffa da yawa ba sa leƙa wurin. Na biyu, in kika ga Æ™ a wurin ƙ ko É— a wurin ɗ, rubutun yana nan da ransa, karanta shi ake yi ba da UTF-8 ba, wato tsarin da aka ajiye haruffan da shi. Wannan yana gyaruwa. Na uku alamar tambaya, shi nake roƙon Allah ya raba ku da shi.

Wata ƙungiyar manoma ta taɓa kirana bayan wanda ya fara yi musu shafi ya bar garin. Ya bar teburan rumbun bayanai a latin1, tsohon tsarin haruffa da bai san ƙugiya ba. Duk abin da sakatarensu ya rubuta da ƙugiya, rumbun sai ya mayar da shi alamar tambaya ya ajiye. Ina buɗewa na ga ?ungiya, ?arin farashin taki, ranar ?aukar iri. Suna gani fa tun tuni, sun ɗauka haka intanet take yi wa Hausa. Babu kwafin ajiya, in ma akwai da ciwon zai zo. Kuma ba ka isa ka ce a mayar da kowace alamar tambaya ƙ ba, tunda wata ɗ ce, wata ɓ ce, wata kuma tambayar gaske ce. Ni da sakataren muka zauna da takardunsa na asali muna bi layi-layi, in an ɗauke wuta ya haska mini takarda da fitilar waya har batirin kwamfuta ya ƙare. Da na kai musu lissafin wannan aikin, ciyaman ya ce ai gyaran rubutu aikin sakatare ne, me ya haɗa shi da mai kwamfuta. Ko sisi ba su ƙara ba. Tun daga nan duk aikin da na gada, kafin na faɗi farashi sai na rubuta ƙ ɗ ɓ ƴ ₦ a fom, na ajiye, na je rumbu na ga yadda suka sauka. Ki duba naki yau, ki tabbata utf8mb4 ne, wato cikakken UTF-8 na rumbun bayanai, kuma meta charset na UTF-8 yana can saman shafi.

Rukayya: Innalillahi. Na gode Malam, yanzu zan duba.

Oga Tijjani: Ni ban ga abin wahalar da kai ba. Ku cire ƙugiyar kawai. Mutane nawa ne ke sa ta a WhatsApp, kuma ana gane juna.

Hajiya Binta: Tijjani, makaranta ce fa. Yaron da malami ya yi wa gyara da jan biro a aji, shi za ka nuna wa shafin makarantarsu babu ƙugiya ko ɗaya?

Oga Tijjani: Hajiya ba raina harshe nake ba. Je ki akwatin bincike na kowane shafin da ke sa ƙugiya, ki rubuta kungiya da k zalla, ki ga ko zai fito miki da komai. Mai ziyara ba zai canja madannai don ke ba.

Malam Habu: Nan kam yana da gaskiya, amma a bincike ake gyara wannan, ba a taɓa rubutun. Kafin a kwatanta sai a mayar da ƙ k, ɗ d, ɓ b a ɓangarorin biyu. Layi kaɗan ne. A adireshin shafi ma gara a bar su babu ƙugiya, don in aka kwafo mahaɗin sau da yawa %C6%99 ake gani a wurin ƙ.

Nura: Kuma Gboard, madannan waya na Google, yana da Hausa. Uzurin madannai ya ƙare.

Isuhu Maradi: Kar ku manta da mu. A Nijar ƴ muke rubutawa inda kuke sa 'y. Duk salon da za ku gwada ku haɗa da ƴ da Ƴ, ko don baƙinku na wannan ɓangaren.

Sadik: Isuhu kullum sai ya shigo da Nijar, ko maganar cajar waya ake yi.

Isuhu Maradi: Wa zai shigo da ita in ban shigo da ita ba, ƙanena?

Hajiya Binta: Rukayya 'yata, abin da ba wanda ya faɗa miki shi ne nauyi. Iyayen yaran nan da Tecno da itel za su buɗe, da datar da aka auna. Ki ɗauki kauri biyu kawai, na rubutu da na kanu, a WOFF2, fayil ɗin salon haruffa marar nauyi, ki sa font-display: swap don rubutu ya bayyana kafin salon ya gama sauka. Ki kuma sani masu Opera Mini da suka kunna matsanancin tanadin data ba sa samun salon da kika ɗora ko kaɗan, na wayarsu suke gani. Don haka kar ki yi alamomin menu da salon haruffa, ki yi su da zanen SVG. Hotunan yara kuma a tsarin WebP marar nauyi, da loading="lazy" don kar su sauka sai an kusa isa wurinsu.

Nura: Sai kwastoma ya ce a sa masa hotuna goma masu zagayawa a sama, kowanne kai tsaye daga kyamara.

Sadik: Kuma a ƙara girman tambari.

Oga Tijjani: Kuma rubutu ruwan zinare a kan fari, don ya yi kama da katin biki.

Anti Maryam: Wannan na ƙarshen ba abin dariya ba ne a wurina. Mahaifina idonsa ya yi rauni, ina ganin yadda yake kai waya dab da fuska. WCAG, ƙa'idar sauƙaƙa wa naƙasassu amfani da shafi, ta ce bambancin hasken rubutu da bayansa ya kai 4.5:1 ga rubutu na yau da kullum, 3:1 ga manya. Ruwan zinare a kan fari ba ya kusa da haka. Ni ba na gardama da kwastoma, fita nake da shi rana in miƙa masa wayarsa in ce ya karanta. Kuma ku riƙa sa lang="ha" a saman shafi, ku rubuta bayanin hoto, ku kunna TalkBack, mai karanta wa makafi allon waya, ku saurari aikinku ko sau ɗaya. Maɓalli ya zama button na gaske, kar a yi wa div, wanda akwati ne kawai, kwalliya a ce maɓalli ne.

Oga Tijjani: Wa zai biya kuɗin wannan lokacin, Anti? W3C masu kafa ƙa'idojin?

Anti Maryam: Rubuta button bai fi rubuta div cin lokaci ba, Tijjani.

Malam Habu: Mu da muka yi zamanin rubuta shafi sau biyu, ɗaya don burauzar Internet Explorer ɗaya don sauran, mun san darajar ƙa'ida ɗaya. Sai a Yunin 2022 aka yi wa Internet Explorer ritaya. Yau in ka bi ƙa'ida ka wuce gwajin validator.w3.org, mafi yawan aikin ya zauna a ko'ina, saura ka gwada a Safari, burauzar iPhone.

Nura: Maganar biya, rabi kafin a fara, ragowar kafin a miƙa kalmar sirri. Ban da haka ba na kunna kwamfuta.

Hajiya Binta: Amma sunan shafin a yi rajistarsa da sunan mai shi. Riƙe wa mutum sunan shafinsa don bashi ba hali ba ne, kuma shi ke sa ake mana kallon 'yan damfara.

Nura: To in ya gudu da kuɗina fa, Hajiya?

Hajiya Binta: Ka riƙe aikinka kar ka ɗora. Sunansa nasa ne.

Isuhu Maradi: Tunda Islamiyya ce, in suka ce a sa ajami fa? Akwai wanda ya taɓa yi?

Sadik: Akwai salon haruffa mai suna Alkalami na SIL, kan rubutun Kano aka zana shi. Akwai Harmattan ma. Ka sa lang="ha-Arab" da dir="rtl" a sashen kawai, kar ka juya shafin duka.

Isuhu Maradi: Wasulan suna zama daidai a ƙaramin allo?

Sadik: Sai ka ƙara girman rubutun da tazarar layi, in ba haka ba suna hawa kan juna. Da dare in na koma gida zan turo hoton wanda na yi.