Ta yaya aka gane tukwanen Nok sun taɓa ɗaukar zuma?

Malam Auwalu:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masana kayan tarihi. A 2021 masu bincike na jami'ar Bristol ta Ingila da jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus sun ce sun gano alamar zuma a jikin tukwanen Nok, wato mutanen dā da suka rayu a yankin kudancin Kaduna, wai ta kai shekara 3,500. Zumar da ruwan sama ɗaya ke narkarwa, yaya za ta zauna a tsingaro tsawon wannan lokaci? Kuma shekarun nan, da me aka ƙidaya su? Sannan in manomi ko mai haƙar rijiya ya ci karo da irin waɗannan tukwane, me ya kamata ya yi?

Malama Bilkisu:

Wa alaikumus salam, Malam Auwalu. Da gaskiyarka, zumar kanta ba ta nan. Zaƙinta sukari ne, ruwa ya wanke shi tun tuni. Abin da aka samu kakin saƙar zuma ne, shi kuwa ruwa ba ya narkar da shi. Tukunyar ƙasa tana da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, su ne ke sa randa tsatsafo da ruwa. In an ɗora ta a wuta da abu mai maiƙo, maiƙon yakan shige kafofin nan ya maƙale, yumɓun ya zame masa rumbu.

Ga yadda ake fito da shi. An fi son tsingaron bakin tukunya ko wuyanta, domin maiƙo sama yake tasowa in ana dahuwa. Sai a kankare fatar waje da ɗan ƙaramin injin gogewa, a zubar, don ita ce ta sha ƙasa da hannayen mutane. A ɓalli kamar giram 2, a daka a turmin ɗakin gwaji har ya zama gari. A zuba masa ruwan sinadarin metanol mai ɗan asid, a ɗumama a zafin digiri 70 na ma'aunin Celsius na awa ɗaya, sannan a tsamo maiƙon da wani ruwan sinadari mai suna heksen. Ɗan abin da aka tsamo shi ake sa wa na'urar da ke rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya tana auna nauyin kowanne.

Kowane maiƙo da irin sawunsa. Kitsen dabba daban, man ganye daban. Kakin zuma yana da jerin dogayen sinadarai da ba a cika samunsu tare a wani abu ba. Sai dai asid ɗin nan yana karya mafi tsawonsu, shi ya sa in an ga alamar farko ake sake ɗibar garin tsingaron a jiƙa shi ba tare da asid ba, a tabbatar suna nan cikakku.

Wani abu da labarai suka yi wa gaggawa: tsingaro sama da 450 aka gwada, amma a tsiraru ne kawai maiƙo ya rage. Cikin waɗannan tsirarun ne kusan ɗaya bisa uku ke da kaki. Kuma kaki ba ya faɗin abin da aka yi da tukunyar. Mai yiwuwa an narka saƙa a ciki don tace zuma, ko an ajiye ta, ko ma tukunyar ce amyar, kamar yadda har yau wasu ke rataya tukunya a bishiya don ƙudan zuma. Wasu tukwanen an same su da kaki haɗe da kitsen dabba, abin da ya sa ake zaton an adana nama cikin zuma. Zato ne mai ƙarfi, amma zato ne.

Malam Yakubu:

Allah ya saka, Malama. Bari in ɗauki batun shekaru. Galibi ba tukunyar ake aunawa ba, abin da aka samu kwance tare da ita a rami ɗaya ake aunawa. Duk abu mai rai yana ɗauke da wani nau'in kabon, kabon-14, wanda ke fara raguwa daga ranar da abin ya mutu. Rabinsa na ƙarewa duk shekara 5,730. In an auna abin da ya rage, an san lokacin mutuwar.

Abin da aka fi so shi ne ƙonanniyar ƙwayar gero, domin gero damina ɗaya yake yi, kuma na'urorin yanzu ƙwaya ɗaya ta ishe su. Gawayin itace yana yaudara: in daga zuciyar tsohuwar bishiya ya fito, zai ba ka shekarun bishiyar, ya tsufar da wurin da shekara ɗari ko fiye. Ana samun ƙwayoyin ne ta hanyar zuba ƙasar ramin, kamar lita 10 zuwa 20, a bokitin ruwa a dama a hankali. Ƙonannen abu sai ya taso, a tsiyaye shi ta rariya mai ido rabin milimita, a shanya a inuwa. In an shanya a rana yakan tsattsage ya zama gari. Da haka aka san mutanen Nok sun noma gero da wake, suna kuma cin atili.

Da irin wannan awo aka sa farkon Nok wajen 1500 kafin Miladiyya, mutum-mutumin yumɓu da aka san su da shi kuma daga wajen 900 kafin Miladiyya. Akwai matsala ɗaya da ba ta da magani har yanzu: tsakanin 800 da 400 kafin Miladiyya, awon kabon yana ba da kusan amsa ɗaya. Narkar da tama a Nok, irin matoyan da aka tono a Taruga, wani wurin mutanen Nok kusa da Abuja, ta faɗo daidai wannan tsakani, shi ya sa ba a iya tsayar da ƙarnin da ta fara.

Malam Danjuma:

Tambayar ƙarshe ita ta fi damuna, don a nan ɓarnar take. Ƙasar yankin Nok tana da tsami, ta cinye ƙashi kaf, na mutum da na dabba. Inda ake zaton kabari ne, ba a gane shi sai da yadda aka jera duwatsu, da tukunya ɗaya ko biyu a gefe, da duwatsun wuya kwance a jere kamar zarensu bai ruɓe ba. Mai haƙa ya sa diga sau biyu, wannan jerin ya tafi har abada. Wurare da yawa da masu binciken Frankfurt suka kai gare su tun daga 2005, masu haƙar sata sun riga su.

Saboda haka wanda ya ci karo da abu, ya tsayar da haƙa nan take. Kada ya ciro, kada ya faɗaɗa ramin don ganin saura. Ya ɗauki hoto daga sama da kuma gefe, da wani abu mai sanannen tsawo a kusa, ko da biro ne. Ya auna zurfi daga fuskar ƙasa, ya adana wurin a taswirar waya, ya mayar da ƙasa mai laushi a hankali ya rufe. Sai ya sanar da mai unguwa ko dagaci, daga nan a kai magana gidan tarihi mafi kusa, kamar na Jos ko Kaduna ko Gidan Makama a Kano, waɗanda ke ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Dokar 1979 ta hana tono ba izini, ta kuma hana cinikin kayan tarihi da fitar da su waje. Kada a baza hoton wurin a Facebook, masu haƙar sata ma suna kallo.

Malam Auwalu:

Na gode ƙwarai. To in an riga an ciro tsingaron kafin a ankara fa, ya tashi aiki ke nan?

Malama Bilkisu:

Bai tashi ba, Malam, muddin ba a wanke shi ba. Sabulu da omo da man shafawa duk maiƙo ne, suna shiga kafofin su rufe na dā. Hannu ma yana barin nasa maiƙon, don haka a rage taɓawa. Kada a manna gutsattsarin da gam, kada a yi rubutu a jiki, kada a sa a leda kai tsaye, domin sinadarin roba yana fitowa ɓaro-ɓaro a na'ura, leda kuma tana tara gumi ta kawo fumfuna. A bar shi da ƙasarsa ya bushe a inuwa, a naɗe kowane guntu daban a takardar alminiyam, a rubuta wuri da zurfi da kwanan wata a wata takarda a haɗa. In akwai gawayi a ramin, a ɗebe shi da cokali mai tsabta a naɗe shi shi kaɗai, nesa da toka da hayaƙin murhu.