Neman kalma: me za mu kira sansar zafin ruwan inji?

Jama'a, hunturu ya kankama. Duk wanda ya bi ta tashoshin mota a Gusau bayan sallar asuba zai ga ana tura Golf, kuma ba ita kaɗai ba, har tsofaffin Camry da Fijo 406. Mota ta wuni lafiya lau jiya, da safe ta yi ta gurnani ta ƙi tashi, rana na ɗagawa ta tashi da ki ɗaya. Sau da yawa mai laifin wani ɗan ƙarfe ne da bai wuce babban yatsa ba, wanda makanikai ke kira sansa. Shi muke nema wa sunan Hausa, ga kuma inda muhawarar ta kai.

Sai an san aikin abu ake raɗa masa suna. Fetur ba ya kamawa da wuta sai ya zama tururi ya gauraya da iska. In inji ya kwana cikin sanyi, wani ɓangare na man yakan lafe a jikin ƙarfe, bai zama tururi ba, don haka dole a ƙara mai kafin inji ya kama. A motar kafireta cok ke wannan aiki: ka ja shi, ya rage iska. Motar injekta ba ta da cok. Kwamfutar mota, wadda ake ce wa birenbos a gareji, ita ke yanke tsawon lokacin da injekta za ta buɗe, ita kuwa ba ta san ana sanyi ba sai sansa ta gaya mata.

Sansar tana ɗaure kusa da gidan tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa daga zuwa lagireto sai inji ya yi zafi, bakinta cikin ruwan da ke zagaya inji. Turjiyar da take yi wa wutar lantarki, wadda ake aunawa da om, tana raguwa yayin da zafi ke ƙaruwa. Irin ta Bosch takan nuna kusan om 2,500 a digiri 20, ta sauko kusan om 300 a digiri 80. In ta lalace ta ce inji da zafi alhali da sanyi, birenbos sai ta yi rowar mai, mota ta ƙi tashi da safe. In ta yi ƙaryar ta ɗaya gefen, mai ya yi yawa, fulogi su jiƙe, salansa ta yi ta fitar da baƙin hayaƙi.

Shawara ta farko ita ce "ma'aunin zafi". Wani rewaya daga Talatar Mafara ne ya rushe ta, kuma hujjarsa ta fi ta kowa ƙarfi. Ya ce: "Ranka ya daɗe, ma'aunin zafi ai shi ne allurar da direba ke kallo a gabansa. Yawancin tsofaffin motocin nan guda biyu gare su, mai waya ɗaya na allura, mai waya biyu na birenbos. Ka ce wa yaro ya sayo ma'aunin zafi, mai waya ɗaya zai kawo maka." Gaskiya ne. Abin da ke ruɗa masu mota ke nan: allura tana nuna daidai, sai su rantse sansa lafiya take, alhali ba ita allurar ke saurare ba.

"Na'urar gano yanayin zafin ruwan inji" daidai ce, amma ba mai faɗinta yana kwance ƙarƙashin mota. An kawo "ɗan rahoto" da "ɗan leƙen asiri", aka yi dariya aka wuce.

Wani dattijon bakanike a Ƙauran Namoda ya ce a bar wahala: "Ɗana, mu nan sansa muka cewa, kuma kowa na ganewa. Ba ka ji ta yi kama da sansana ba?" Baba yana da hujja. Mun karɓi fulogi da lagireto da totur, ba wanda ya mutu. Ni ma ba na jin za a raba gareji da sansa.

Amma don rubutu da koyarwa, wadda ta kwanta mini ita ce wadda wata malamar makaranta ta kawo: majiya. Ta ce "ji" a Hausa ya haɗa jin magana, jin zafi, jin wari, jin ɗanɗano, duka. Majiya kuwa mun saba da ita a labaran rediyo, inda ɗan jarida ya samo labarinsa. Birenbos ba ta ganin komai da idonta, abin da majiya ta kawo shi take aiki da shi, in majiyar ba mai tushe ba ce hukunci ya karkace. Kuma kalmar tana haihuwa: majiyar zafin ruwa, majiyar iska, majiyar totur, majiyar hayaƙi ta jikin salansa. Jam'i ma a shirye yake, majiyoyi.

An yi ƙorafi biyu. Wani ya ce tsarin sunan kayan aiki shi ne irin mabuɗi da magogi, don haka "majiyi" ya kamata. A nahawu ya yi daidai, amma a baki yana karo da majigi. Wani ya tuna mana da "majiya ƙarfi". Wannan karin sautinsa daban ne, kuma ba mai jin "majiyar zafin ruwa" ya zaci ƙartai ake nufi.

Kafin wani ya ruga kasuwa sayen sabuwa: ba kullum ita ce mai laifi ba. A fara da batir. Cikakke yana nuna bolt 12.6, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba lokacin da ake tayarwa. Sannan a murɗa ki ba tare da tayarwa ba, a saurari famfon mai ya yi ƙara na kamar daƙiƙa biyu, a kashe, a maimaita sau uku. In mota ta tashi bayan haka, mai ne ke sulalewa ya koma tanki da dare. In kuma tana tashi ta mutu sai an taka totur, a wanke bawul ɗin silo, ƙurar hunturu ba ta raga masa.

Ita majiyar, da safe ake gwada ta kafin a taɓa ki. A zare soket, a sa mitar auna turjiya. A sanyin safiya ya kamata ta kai om 2,500 ko fiye. In ta nuna ɗari uku, ta mutu. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 suna karɓar na'urar bincike ta OBD-II. Zafin ruwan da za ta nuna ya zo kusa da zafin gari. In ka ga digiri 40 ƙasa da sifili, waya ce ta tsinke ko soket ya ci tsatsa. A cikin lambobin matsala da na'urar ke nunawa, P0115 zuwa P0118 duk na majiyar ne. Masu cire tamostat su haɗa fanka kai-tsaye kuma, ku sani majiyar gaskiya take faɗi in ta ce inji bai yi zafi ba, man ne kuke ƙonawa a banza.

Mun tsaya a kan majiyar zafin ruwa a rubuce, sansa a gareji. Saura birenbos. An kawo "ƙwaƙwalwar mota", wani ya ce ta yi nauyi a baki. Wa ke da wadda ta fi ta?